Mai Buɗa wa Am Bayyumi Kasuwa

Ban taɓa kiwon zuma ba. A hawa na huɗu muke zaune a unguwar Muharram Bek, inda ko tukunyar na'ana'ar da matata Ummu Hisham ta dasa a baranda da ƙyar take shan iska. Amma littafin kiwon zuma ne ya sa na yi rantsuwar da ta fi kowace wauta a rayuwata, ni kuwa mutum ne da ya tafka wauta ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Sunana Wagdi. Shekara talatin da biyar na yi ina sayar da tikiti a babbar tashar jirgin ƙasa ta Iskandariyya, ina kallon duniya ta wata 'yar taga mai ragar waya. Kowa yana tafiya, ni ina zaune. Ina jin shi ya sa na faɗa wa karatu. Ga shi kuma titin Annabi Daniyal yana nan kusa da tasha, rumfunan tsofaffin littattafai a jere, mutum ya fito aiki ƙafarsa ce kawai za ta kai shi.

Rumfa ta bakwai ita ce ta Am Bayyumi, wato Kawu Bayyumi. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, gajere ne, mai kaurin gira, bakinsa kuwa ko reza albarka. Ranar da na fara sayen littafi a wurinsa wata Juma'a ce da safe, ina saurayi, ko aure ban yi ba. Ashe kwana uku ke nan bai yi ciniki ba. Na biya, ya sumbaci kuɗin ya kai goshi kamar yadda 'yan kasuwa ke yi da cinikin farko. Ban kai ƙarshen titi ba wani babban malamin jami'a ya tsaya da mota ya kwashe rabin rumfar. Da na sake biyowa bayan mako guda sai ya kama mini hannun riga.

"Kai, ɗan tikiti! Hannunka da albarka, duk da dai fuskarka ba ta nuna ba. Daga yau kai ne mai buɗa mini kasuwar Juma'a. Ba na sayar wa kowa sai ka zo."

Na yi dariya. Na ɗauka zaƙin baki ne irin na masu neman a dawo. Kuma ban taɓa samun dalilin gwada maganar ba, domin shekara talatin da takwas ban taɓa makara ba. Ƙarfe takwas nakan hau taram, jirgin nan na cikin gari, takwas da rabi ina gabansa yana yaye tamfol daga kan littattafai. Sabo turken wawa.

Cinikinmu iri ɗaya ne kullum, kamar karatun da aka haddace. In ɗauki littafi in yatsine fuska.

"Wannan ai ɓera ya riga ni karantawa, Am Bayyumi."

"To ɓeran ya fi ka ilimi yanzu. Ajiye mini kayana."

In taya, ya ce albarka. In ce ya ji tsoron Allah, ya ce tsoron Allah ne ya hana shi jifana da littafin. In juya kamar zan tafi, in yi taku uku, ba biyu ba, ba huɗu ba, sai ya ce, "Zo ka ɗauka, Ustaz Wagdi, Allah ya isa tsakanina da kai." Ya sumbaci kuɗin, ya kai goshi, sa'an nan ya ƙwala wa mai shayi kira. Ba a kawo shayi sai ciniki ya faɗa. Mu zauna a kan akwatunan katako har a fara kiran salla, muna zagin tsadar tumatir da 'yan ƙwallon zamani. Ban san gidansa ba, bai san nawa ba. Ko lambar wayarsa ban taɓa karɓa ba. Me zan yi da ita, ga mutum a inda na bar shi?

A shekarun farko ina da wata al'ada. Duk littafin da na saya, da na isa gida sai in buɗe bangon in rubuta sunana da kwanan wata da abin da ya faru a makon. Ranar da aka ƙara mini girma. Ranar da mahaifiyata ta zo daga Damanhur da agwagi biyu. A lokacin nan karantawa nake yi, daga bango zuwa bango, wani ma sau biyu. Ban san yaushe al'adar ta sulale ba. Na dai san bayan na yi ritaya saye ya ƙaru, karatu ya ragu, har ya zama in na shigo gida neman gurbi kawai nake in cusa littafi. Ƙarƙashin gado ya cika, kan firji ya cika. Wata rana kantar littattafai ta karye ta faɗa kan keken ɗinkin Ummu Hisham.

"Abu Hisham," in ji ta, "in na mutu kada ku wahala da neman likkafani. Ku naɗe ni da takardun nan naka."

Ranar da abin ya faru Juma'a ce ta watan Oktoba. Am Bayyumi ya zaro wani littafi daga ƙarƙashin tebur, mai koren bango, ya ce ya ajiye mini ne musamman. Kiwon zuma. Muka yi cinikinmu, ya sallama da araha ƙwarai, na sha shayi na tafi ina jin na cuce shi. A hanya aka ɗauke wuta, taram ya tsaya cik a tsakiyar titi. Zaman banza ya ishe ni, sai na yi abin da na daɗe ban yi ba, na buɗe littafin da na saya.

A cikin bangon, da shuɗin tawada da ya koɗe, an rubuta: "Wagdi. Juma'a, Maris 1989. A makon nan Hisham ya fara tafiya, taku huɗu, ya faɗa kan tiren shayi."

Rubutuna ne. Hisham ɗin da yanzu ya yi sanƙo, yana Alƙahira da 'ya'ya uku.

Ban san yadda na hau matakalar gidanmu ba. Na tarar da Ummu Hisham tana yankan molohiya, ganyen miya, na dangwara mata littafin a gaba. Ko gezau ba ta yi ba.

"Au, ya dawo?"

"Ya dawo? Yaya aka yi ya fita?"

"Mai bikiya na ba." Wato mai amalanken nan da ke zagayawa yana sayen tarkace. "Shekara shida ke nan, duk wata kwali guda, daga na can ƙasa waɗanda laima ta fara ci. Ka taɓa neman ko ɗaya? Kai da ba ka san sun fita ba, yau ne za ka zo kana mini huci?"

Gaskiyarta ce ta fi ƙona mini rai. Na ji haushinta, na ji haushin kaina, amma wanda na fi jin haushi shi ne Am Bayyumi. Ya san rubutuna kamar yunwar cikinsa. Ya dube ni ido da ido ya sayar mini da kayana, har da cewa ya ajiye mini musamman. Na hango shi yana ba maƙwabtansa labari suna ƙyaƙyata dariya, ga Ustaz da ke sayen littafinsa sau biyu bai sani ba. Sau nawa ma aka yi haka? Allah kaɗai ya sani.

"Wallahi tallahi," na ce, hannuna a kan Alƙur'anin da ke kan kabad, "shekara guda cur ba zan sayi littafi ba. Ko na kyauta... to, ban da na kyauta. Amma saye, na rantse."

Ummu Hisham ta ɗago kai. "Ka dai yi a hankali da sunan Allah, Abu Hisham. Ka san halinka."

Ba zan yi ƙarya ba, hutun nan ya yi mini rana. Na jawo kwalayen ƙarƙashin gado, na zauna a baranda da tabarau, na koma karatu kamar ɗan shekara ashirin da biyar. Na karance littafin zuma tsaf, har na san sarauniyarsu ba ta fita sai sau ɗaya ko biyu a rayuwarta, na gaya wa Ummu Hisham ta ce ai ita ma haka. Abin da ya fi kama ni kuwa bangwayen nan ne. Kowanne na buɗe sai wata rana ta faɗo mini a cinya. Ga ranar da muka sayi firji muka kwana muna buɗewa muna rufewa. Ga ranar da ruwan sama ya cika titi na goya Ummu Hisham muka tsallaka, tana cewa in sauke ta mutane na kallo. Wasu na karanta mata, ta dakata da yanka tana saurare. Daga ranar mai bikiya bai sake samun ko takarda a gidanmu ba.

Juma'a ce dai matsalar. Ƙarfe takwas ƙafafuna su fara ƙaiƙayi. Sai in sa takalmi in nufi bakin teku, in tsaya ina kallon masu kamun kifi da ba sa kama komai. Sau da yawa zuciya ta ce mini, je ka mana ku gaisa, ai ba gaisuwa ka rantse a kai ba. Sai wata zuciyar ta ce, ka je ka zauna ka sha shayin mutum ba ka saya ba, ka zama ɗan maula? Kuma na san kaina, in na shaƙi ƙamshin tsohuwar takarda an gama. Can ƙasa kuma akwai fushin nan da nake ta yi wa ban ruwa. Na ce bari ya ji a jikinsa, ya nemi wani wawan.

Haka aka yi Juma'a ashirin da ɗaya.

Wata Alhamis a cikin Maris Hisham ya aiko da saƙo ta hannun wani abokinsa da zai sauka a jirgin azahar. Na je tasha na karɓa. Da na fito, ban san yadda aka yi ba, sai ga ni a bakin titin Annabi Daniyal. Na ce leƙe kawai zan yi daga nesa. Na ƙirga rumfuna. Ta bakwai a rufe take da kwado, ƙura ta yi mata lulluɓi.

"Ustaz Wagdi! Ashe kana duniya?"

Milad ne, mai rumfa ta takwas, wani dogon Kirista mai sayar da littattafan makaranta. Shekara ashirin yana jin cinikinmu yana girgiza kai. Ban taɓa ganin fuskarsa a murtuke ba sai ranar.

"Ina Am Bayyumi?"

"Yanzu ne kake tambaya? Sati uku ke nan da ya faɗi a nan, ɓarin jikinsa ya shanye. Yana gidan 'yarsa Ni'imat a Kom Dikka." Ya tsare ni da ido. "Ka san abin da ka yi wa tsohon nan kuwa? Duk Juma'a takwas da rabi zai yaye tamfol ya zauna yana kallon bakin titi. Mutane su zo, su ɗauki littafi, kuɗi a hannu, ya ce ba mu buɗe ba. Juma'a fa, Ustaz, ranar da muke samun na mako. Har a kira salla, ya mayar da tamfol ya tafi. Na ce masa, Am Bayyumi, kawo in buɗa maka, ai kuɗi kuɗi ne. Ya ce kowa da hannunsa."

"Ai wasa yake yi da maganar nan," na ce. Muryata ma ban gane ta ba.

"Wasa? Shekara nawa kana ganin mutum, ba ka san inda wasansa ya tsaya ba? Har asibiti biyu ya je nemanka. Ya je tasha, suka ce ai ka daɗe da barin aiki."

Na so in kare kaina. Na ce ai shi ya fara, ya sayar mini da littafina yana mini dariya. Milad ya tafa hannu don takaici.

"Dariya? Duk masu bikiyar Muharram Bek ya bi ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk littafin da suka ga rubutun nan a bango su kawo masa kafin su kai wa masu sayen takarda da awo. Ya ce in ya ba ka kyauta za ka gane daga gida suke fita, ka je ka tayar wa matarka da hankali. Shi ya sa yake mayar maka da su ɗaya ɗaya, a farashin kofin shayi."

Kunya ta rufe ni, irin wadda mutum ke so ƙasa ta tsage. Na karɓi kwatancen gida na tafi ko sallama ban yi masa ba. A gida na zayyana wa Ummu Hisham komai. Ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma na gode mata da wannan. Ta dai tashi ta shiga kicin.

Washegari takwas na hau taram. Kom Dikka tudu ne, lunguna kamar hanji, na yi haki kafin na sami ƙofar. Ni'imat ta buɗe, mace mai kaurin gira irin na ubanta. Ina faɗin sunana ta dafe ƙirji.

"Kai ne ɗan tikitin? Shigo, Ustaz. Tun asuba ya sa na sa masa farar riga. Duk Juma'a haka yake yi, ko da yake ba ya iya tashi."

Yana jingine da matasai, ya rame, bakinsa ya karkace, hannun dama a kwance kan bargo kamar ba nasa ba. A gefen gado akwai kwali an rufe shi da tawul. Ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai wajen bango. Maganarsa a hankali take fita, wasu haruffan suna maƙalewa, amma rezar tana nan.

"Ba mu buɗe ba."

"Am Bayyumi, ni ne."

"Na ga kai ne. Na ɗauka ka mutu, har Fatiha na yi maka. Maido mini abata."

Na zauna a bakin gado. Duk jawabin da na shirya a taram ya gudu. Na ce masa na ga rubutuna a littafin zuma, na yi fushi, na yi rantsuwa. Ya saurara idonsa a rufe.

"Takun farko na ɗanka," in ji shi. "So kake in bari a naɗe ƙosai da shi?"

Can ya nuna kwalin da haɓa. Na yaye tawul. Littattafaina ne, sun kai talatin, waɗanda bai gama mayar mini ba. Na san abin da ya rage. Rantsuwa tana gefe guda da sauran wata bakwai, tsohon nan yana gefe guda da farar rigarsa. Ban ma tsaya aunawa ba.

"Na ƙasa," ya ce. "Mai jan bango."

Wani ƙaramin littafi ne na labarin tafiye-tafiyen jiragen ruwa. Sai da na riƙe shi na gane. Shi ne na farko, na ranar da malamin jami'a ya tsaya da mota.

"Shekara biyar yana wurina. Wannan ban yi niyyar mayarwa ba. Karanta bangon. Da ƙarfi, Ni'imat ta ji."

Na gyara tabarau na karanta rubutun wani saurayi mai ji da kansa: "Wagdi. Juma'a, Nuwamba 1984. Na saya a wurin wani gajere mai baƙar magana da tsadar tsiya. Ba zan sake komawa wurinsa ba."

Ni'imat ta fashe da dariya ta toshe baki. Kafaɗar tsohon tana rawa, rabin fuskarsa na dariya, rabin na tsaye. Ni kuwa hawaye ne ya zubo mini, ban ɓoye ba.

Na share ido, na juya littafin, na yatsine fuska.

"Wannan ai ɓera ya riga ni karantawa."

"To ɓeran... ya fi ka ilimi. Ajiye mini kayana."

Na taya fam biyu, ya ce albarka. Na ce ya ji tsoron Allah. Na miƙe na nufi ƙofa. Ɗakin ƙarami ne, sai da na rage tsawon takuna kafin uku su shiga.

"Zo ka ɗauka, Ustaz Wagdi. Allah ya isa."

Na sa masa kuɗin a hannun hagu. Hannun ya taso, ya tsaya a rabin hanya. Na tallafi gwiwar hannun har kuɗin ya kai leɓensa, sa'an nan goshi. Ya sauke numfashi mai tsawo.

"Ni'imat, an buɗe. Kawo shayi. Ki kuma aika wa Milad da makulli, duk wanda ya zo ya sayar masa."

Muka sha shayi har aka fara kiran salla. Ni na riƙe masa kofin. Ya zagi tsadar tumatir, ko da yake an hana shi cin komai sai romo.

Tun daga hawa na biyu na jiyo ƙamshin dafaffen wake da tafarnuwa. Na tarar da Ummu Hisham ta jera kwanoni goma a kan tebur, kowanne da gurasa biyu a kai, tana ƙulla su a leda. Kaffarar rantsuwa, abincin miskinai goma.

"Yaushe kika...?"

"Tun jiya na jiƙa waken. Shekara talatin da shida ina tare da kai, Abu Hisham. Ɗauki ka kai ƙofar masallaci kafin ya huce." Ta dubi jan littafin da ke hannuna. "Wannan kuma nemo masa wuri a sama, inda laima ba ta kaiwa."

Da na dawo na nemi alƙalami, da ƙyar na samu mai rubutu. Na buɗe bangon, a ƙarƙashin layin saurayin nan na sa kwanan wata, na rubuta: "Na koma."

Juma'a goma sha ɗaya Am Bayyumi ya ƙara a duniya, kuma duk na buɗa masa kasuwa a bakin gadon nan. Sauran littattafan kwalin Ni'imat ce ta aiko mini da su bayan kwana arba'in. Na ce nawa ne, ta ƙi karɓar ko sisi, ta ce ai babanta ya ce ba mu buɗe ba.